Hoton Ƙirjin Mama

A cocinmu ba mai kiran mahaifina da sunansa. Baba Ina-Takarda ake ce masa, yara da manya, har Fasto kan yi suɓutar baki ya faɗa a gaban jama'a. Shi kuwa ko a jikinsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ɗaukar hoton ƙashi da na ƙirji a asibiti, cikin wani ɗaki mara taga mai ƙofa mai nauyin tsiya, yana ce wa mutane, "Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa." Ya yi ritaya, amma idonsa bai bar aikin ba. In ka miƙa masa hannu ku gaisa, sai ka ga yana duban yadda yatsunka ke lanƙwasa.

Sunan ya samo asali ne daga lokacin ba da shaida. Kowace Lahadi akan ba mutane dama su fito su faɗi abin da Allah ya yi musu. Wani zai tashi ya ce ciwo kaza ya kama shi, aka yi addu'a, ya warke sarai. Coci ya kaure da tafi. Ana tashi sai Baba ya bi mutumin har bakin ƙofa, bakinsa har kunne, ya kama hannunsa bibbiyu.

"Mun gode wa Allah, ɗan'uwa! To ina takardar? Wadda likita ya ba ka kafin addu'a, da wadda ya ba ka bayanta."

Wasu sun ɗauka ƙarancin bangaskiya ne. Ba su san shi ba. Ban taɓa ganin mai marmarin mu'ujiza kamar Baba ba. Abin da yake gudu shi ne a yi wa Allah ƙarin gishiri. Ya tara takardun mutane a wata tsohuwar jakar fata. Akwai waɗanda magani ya yi musu aiki, ya gode wa Allah da su. Akwai waɗanda ba su taɓa ganin likita ba tun farko. Akwai 'yan kaɗan da ya yarda a ransa cewa hannun Allah ne kai tsaye, sai dai takarda ɗaya ta ɓata, ko ɓera ya ci. Mai takarda biyu cif, kafin da bayan, bai taɓa samu ba.

Ni ce autarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Mamana yake kirana. Lissafi nake koyarwa a makarantar sakandare, kuma a lokacin da nake ba da labarinsa na yi shekara huɗu rabona da coci. Ba faɗa na yi da kowa ba. Wata rana ce kawai na tarar ina rera waƙa da baki, zuciyata kuwa tana can tana tambayar wa ya ce haka ne. Na ga in ci gaba da zuwa yaudara ce, na daina. Abin ya ci wa Baba rai matuƙa, amma bai taɓa yi mini tsawa a kai ba. Gardama ya zaɓa, ni ma kuma gwanar ta ce.

Kowace Asabar nakan je gida, mu baje a teburin falo. Mama takan kawo shayi ta ce, "Ku biyun nan, Allah ya shirya. In kun gama ku gyara mini kujeruna."

Wata Asabar na zo da shirina. Na ce masa a Littafi Mai Tsarki mutum huɗu suka rubuta labarin safiyar da aka tarar da kabarin Mai Ceto a buɗe, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. Wannan ya ƙirga mata kaza, wancan ya ƙirga kaza. Wannan mala'ika ɗaya ya ambata, wancan biyu. Ban rufe baki ba ya miƙe zumbur, har ya ture sukari. Ya shiga ɗaki ya fito da tsofaffin hotuna biyu ya ɗaga su a taga.

"Ƙafar mutum ɗaya ce, rana ɗaya. Wannan daga gaba na ɗauka, wannan daga gefe. A nan kin ga karaya?"

"A'a."

"A nan fa?"

"Ga ta nan ɓaro-ɓaro."

"To wanne ne ya yi ƙarya? Likitan kirki ba ya yanke hukunci da hoto ɗaya, Mamana. In kuwa aka kawo mini huɗu iri ɗaya sak, na san guda ne aka wanke sau huɗu."

Na ce to, mu bar wannan, duniya tana da ƙa'ida kuma ba ta saɓawa: matacce ba ya tashi. Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce injin da ya yi shekaru yana aiki da shi bai taɓa saɓa ƙa'idarsa ba, amma ranar da injiniyan kamfanin ya zo, ya buɗe bayansa, ya sa shi yin abin da shi Baba bai san yana iyawa ba. "Injin bai karya doka ba. Mai shi ne ya zo."

Raina ya ɓaci, don ba na son a kayar da ni da misali. Na ce, "Baba, duk wannan labarin shekara dubu biyu ne. Ka nuna mini guda ɗaya a yau, da dokarka ta kanka, takarda kafin da takarda bayan. Guda ɗaya tak. Ran nan zan koma coci."

Ya tsaya cak. "Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ya ɗaga murya zuwa kicin. "Uwar yara, kin ji ko? Ki zama shaida!"

Bayan kamar wata biyar Mama ta fara tari. Busasshen tari ne mai naci, ya ƙi jin magani. Baba ya kai ta tsohon asibitinsa aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ya kira su ciki ya nuna musu inuwa a huhun dama, girmanta kamar lemon tsami. Bai faɗi sunan ciwon ba, amma Baba bai buƙaci a faɗa masa ba. Aka tura su babban asibiti, aka ba su rana nan da sati shida. Da suka dawo gida ya zaro hoton ya ɗaga a taga, bai fi ƙiftawar ido ba, ya mayar cikin ambulan ya jefa saman kabad. Mutumin da ya kalli ƙirjin dubban mutane ya kasa kallon wannan sau biyu.

Sati shidan nan gidanmu bai huta ba. Matan coci suna shiga suna fita, ana addu'a, ana azumi, ana waƙa ƙasa-ƙasa a ɗakin Mama. Ni ban yi addu'a ba. Nakan zo bayan an tashi makaranta in wanke kwanuka, in yi kukana a kicin inda ba mai gani. Baba ya rame, wandonsa har sai da ya ƙara wa bel ɗinsa huda.

Ranar da suka je babban asibiti ina cikin aji, alli a hannuna, wayata ta yi ƙara. Na ga Baba ne, na fita baranda.

"Mamana! Mamana! Babu! Babu komai!"

"Baba, yi a hankali. Mene ne babu?"

"Inuwar! Sun ɗauki sabon hoto, fes! Suka ce ba su yarda ba, suka sa ta a babban injin nan, suka duba ciki da bai. Huhu tas kamar na jariri! Takarda biyu, Mamana! Kafin da bayan! A gidana!"

Ina jin muryar wata nas tana cewa, "Baba, don Allah nan asibiti ne." Daga baya Mama ta ce a guje ya zagaye barandar asibitin, dattijo mai furfura, yana ɗaga ambulan sama. Ni kuwa na bar ɗalibai da rabin lissafi a allo na tari mota. Ban san na taho da allin ba sai da na rungume Mama na shafa mata fari a baya.

Kafin yamma gida ya cika maƙil. Fasto ya zo da kansa, ya ce Lahadi mai zuwa Baba ne zai ba da shaida, kuma za a ba shi duk lokacin da yake so. Labari ya bazu: Ina-Takarda ya samu takarda! Mutane suka fara gayyato 'yan'uwansu daga wasu coci-coci. Mawaƙa suka shiga gwajin sabuwar waƙa. Yayyena biyu suka ce za su taho da iyalansu. Baba bai ce mini uffan a kan alkawarina ba, sai dai duk sanda muka haɗa ido sai ya yi murmushi ya kau da kai. Gaskiyar magana, ni ma na girgiza. Na yi ta juya abin ta kowace fuska ban ga kafa ba, kuma a ƙasan raina ba na son in gani. Daren Juma'a bai yi ba sai da na fito da rigata ta zuwa coci na goge ta.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni. Muryarsa a kwance. "Zo gida yanzu."

Na tarar da shi shi kaɗai a falo, Mama tana bayan gida tana shanya. Ya manna hotunan biyu a gilashin taga da salatif, yana gwada yadda zai nuna wa jama'a gobe. Rana tana haskowa ta cikinsu.

"Zo ki duba. Bar inuwar. Duba sama, ƙashin nan da ke tsakanin wuya da kafaɗa, na hagu. A sabon hoton me kika gani?"

"Kamar ƙulli."

"Karaya ce da ta ɗore. Kafin a haife ki muka faɗi a babur da uwarki, ni na tuƙo. Ni na ɗauki hoton da hannuna. Yanzu duba tsohon hoton, mai inuwar."

Na duba. Ƙashin a miƙe yake sumul, babu ƙulli ko kaɗan. Sunan Mama kuwa yana nan a manne a kusurwa, rubutun hannu.

"Ƙashin da ya karye ya ɗore ba ya ɓoye tabonsa," in ji shi. "Wannan ba ƙirjin uwarki ba ne."

Abin da ya faru daga nan har yau yana ba ni mamaki. Ni, mai gardamar nan, ni ce na shiga kare mu'ujizar. Na ce wataƙila yadda aka tsayar da ita ne. Na ce wataƙila hasken injin ne ya bambanta. Ya girgiza kai, ya bi haƙarƙarin da yatsa, ya nuna mini faɗin ƙirjin da yadda zuciyar ta kwanta. Ba su yi kama ba ko kusa.

"Laifina ne," ya ce. "Ɗalibi ɗan wata uku aka ba wa hoton nan zai fara da ƙashi. Haka na koya musu. Ni kuwa tsoro ya sa na kalli inuwar kawai, ban kalli matata ba. Likitan can ma rahoton ya karanta, bai jera su ba."

Na sassauta murya. "Baba, ba wanda zai gane fa. Ko Fasto, ko ni. Da ba ka nuna mini ba, da gobe ina coci."

Na faɗa, kuma na ji kunyar faɗar. Ya dube ni, idonsa ya kaɗa.

"Na sani, Mamana. Tun safe nake zaune da wannan tunanin. Sau biyu na ɗauki wayar ina ajiyewa." Sai kuma ya zabura kamar an tsikare shi. "Wayyo Allah! To ƙirjin wa ne? Akwai wata mata can tana yawo da abin nan, an ba ta hoton uwarki, an ce mata lafiyarta ƙalau!"

Ya shiga neman makullin mota yana kiran Mama. Ta shigo hannunta a jiƙe, ya yi mata bayani a tsaye, a gurguje. Ta nemi kujera ta zauna.

"Wato ban taɓa yin ciwon ba?"

"Tari ne kawai, uwar yara."

"Sati shida ina raba kayana a zuci. Har na yanke wa zan bar wa keken ɗinkina." Ta share hannunta da gefen zani. "To me kuke jira kuna kallona? Ku je ku nemo baiwar Allah!"

Tuƙin da Baba ya yi ran nan ban taɓa ganin irinsa ba, ni ce nake ta cewa ya rage gudu. A tsohon asibitinsa muka tarar shugabar sashen hoto tana nan, wata mata da shi ya koya wa aiki tana sabuwar zuwa. Ta jera hotunan a kan akwatin haske, kallo ɗaya ta yi ta dafe kai. Ta jawo rajistar ranar. Ashe injin buga suna ya lalace a ranar, da hannu aka rubuta sunaye aka manna bayan an wanke hotunan. Mata biyu suka shiga a jere, Mama da wadda ke bayanta. Ta ce ba za ta iya ba mu sunanta ba, Baba ya ce ai da ta bayar da ya ji haushinta. A gabanmu ta buga waya. Ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, Baba yana kai da komo a ɗakin. A karo na uku aka ɗauka, ana jin hayaniyar titi, wata murya tana cewa, "Amma ai an ce mini ba komai." Sauran labarin matar ba nawa ba ne da zan bayar. Na dai san ta zo asibitin a ranar.

A hanyar komawa ya tuƙa a hankali. Mun kusa gida ya ce, yana kallon titi, "Alkawarinki ya warware, Mamana. Ba ni da abin nuna miki."

Ranar Lahadi coci ya cika har ana jera kujeru a waje. Fasto kaɗai aka gaya wa, ya kuma ce da Baba in yana so a soke shaidar a yi shiru. Baba ya ƙi. Ni na zo, na ce wa kaina don Mama na zo, na zauna can baya kusa da ƙofa. Da aka kira shi, tafi ya tashi kamar rufin zai yaye. Ya jira aka lafa, ya ɗaga hotunan biyu, ya nuna ƙashin, ya faɗi komai. Bai rage nasa laifin ba.

Gunaguni ya tashi. Wani daga tsakiya ya ɗaga murya, "Ai samo matar nan ma mu'ujiza ce, Baba!"

"Na gode wa Allah da aka same ta," in ji Baba. "Amma da ba a yi kuskuren ba, da ta fara magani tun sati bakwai da suka wuce. Ba zan sa wa abin sunan da ban tabbatar ba."

Ya ajiye hotunan ya ɗauki Littafi Mai Tsarki.

"Za ku ce to yanzu da me ka tsaya? Da wannan. Mutanen da suka ba da shaidar da ke cikinsa sun faɗi cewa ranar da aka kama Ubangijinsu gudu suka yi. Sun faɗi cewa babbansu ya rantse bai san shi ba. Sun faɗi cewa mata suka fara kawo musu labarin tashinsa, su kuwa suka ƙi yarda. Na sha karanta wannan, amma sai jiya na san ɗacinsa. Jiya na zauna da abin kunyata a hannu, ba mai gani, kuma in na ɓoye shi zan samu abin da na fi so a duniya. Da ƙyar na iya. Mai ƙirƙirar labari ba ya tona wa kansa asiri haka. Mutanen da suka iya faɗin wannan a kan kansu, in suka ce mini sun gan shi da rai, ni na yarda da su."

Ya sauko. Ba wanda ya tafa. Wasu baƙi suka fara tattara jakunkunansu. Sai Mama ta miƙe daga inda take, ita kaɗai, ta ɗauko waƙar godiya da muryarta mai ɗan dishi-dishi, tana yi tana tari. Mawaƙa suka dubi juna, suka kama mata ɗaya bayan ɗaya.

Baba ya zauna a ƙarshen benci, kansa a sunkuye. Daga baya nake hango ƙeyarsa, na ga yadda ya tsufa a cikin sati bakwai. Ba zan ce a ranar na gaskata komai ba, har yanzu tambayoyina suna nan da yawa. Amma na ga mutumin da zai iya samuna da yin shiru kawai, ya zaɓi ya rasa ni da gaskiya, kuma ban taɓa ƙaunarsa kamar lokacin ba. Na tashi na ratsa tsakiyar jama'a, idanu a kaina, na tsaya a gefensa.

"Matsa mini, Baba."

Ya ɗago a firgice. Ya matsa. Ya raɗa mini, "Ba dole, Mamana. Na ce miki ya warware."

"Na ji."

Littafin yana buɗe a kan gwiwarsa. Na riƙe masa ɗaya gefen.

"Nuna mini inda suka ce sun gudu," na ce. "Ina so in gani da idona."